Raƙumin Malamin Gona

Kashegarin Babbar Salla ta 2022, bayan an gama rabon nama, yayana ya tara mu a zauren gidanmu na Fika, ya ce akwai maganar da yake so a yanke kafin baƙi su watse. Maganar kuwa ita ce ta ɗakin nan na ƙurya da ke kusa da rumbu, wanda shekara 10 cur ba a buɗe shi sai in za a jefa buhun ƙaiƙayi. Ɗansa na fari zai yi aure bayan kaka, ana bukatar ɗakin, abin da ya tare shi kuwa ba kome ba ne illa tsohon babur ɗin mahaifinmu. Ya ce har ya kira wani ɗan gwangwan daga Fataskum ya zo ya duba, mutumin ya ce ƙarfen zai yi kilo 100 ko kusa da haka, zai saya a kan sikeli kamar yadda yake sayen ruɓaɓɓen kwano.

Baba yana zaune bisa buzunsa, bai ce uffan ba. A lokacin ciwon ido ya riga ya ci ƙarfinsa, ba ya rarrabe fuska sai dai murya. Ya dai juya kansa wajen bango ya ci gaba da jan carbi. Ni kuwa da na san irin wannan shirun nasa, sai na ji bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, a bar mini shi. Abin da ɗan gwangwan zai bayar ni zan bayar, in ya so a sa a hidimar bikin." Aka yi ta dariya, domin kowa a gidan ya san tun da na tafi Kaduna karatun aikin jarida ban taɓa riƙe sifana ba, ko fulogi ban iya kwancewa ba.

Bari in gaya wa mai karatu irin babur ɗin da ake magana, don samarin yanzu ba su san shi ba. Yamaha ne samfurin DT 175, ƙirar Japan, irin wanda aka yi musamman domin daji da hanyar da ba kwalta. Dogo ne ƙwarai, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, madigadin gaba a ɗage can sama don kada laka ta cushe shi, salansa kuma an bi da ita ta sama maimakon ƙasa, saboda in an shiga ruwa kada ta sha. Giyarsa 6. A baya shokozoba ɗaya tak gare shi, doguwa, ta kwanta ƙarƙashin tanki. Injinsa mai bugu biyu ne, watau irin wanda ke ƙona fetur haɗe da mai, shi ya sa yake da kukan nan mai kaifi da shuɗin hayaƙi. Kamfanin Yamaha ya fara wannan zuri'a ta DT cikin 1968, ta kuwa bazu duniya. Saboda tsawonsa ne yaran ƙauyuka suka sa masa suna Raƙumin Malamin Gona, sunan ya bi shi har gida.

Cikin 1981 Baba ya same shi, bashi daga wurin aiki, ana cirewa a albashi wata-wata. Zamanin nan Fika tana cikin Jihar Barno, don sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Yobe. Zamani ne da babur yake alamar ma'aikaci. Tun da aka biya kuɗin Udoji cikin 1975 malaman makaranta da akawuna suka cika gari da Honda da Suzuki da Basfa, har kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota cikin 1979. Naira ɗaya a lokacin ta fi dalar Amurka daraja. To, amma fa babur ɗin akawu daban, na malamin gona daban. Shirin bunƙasa noma da Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar cikin 1980 ya bukaci mutanen da za su kai iri da taki da shawara har bakin gona, ƙasar Fika kuwa ba ƙasa ce mai sauƙi ba. Akwai duwatsu, akwai kwazazzabai, akwai rairayi, da damina kuma rafuka su kawo su raba ƙauye da ƙauye. Daga Fika zuwa Gadaka, daga can zuwa Ngalda a bakin kogin Gongola, da ƙauyukan da ke gindin dutsen Daniski inda kakanninmu Bolawa suka zauna kafin su sauko Fika, babu inda Raƙumi bai taka ba. Shekara 30 Baba ya yi a kansa. A kan tankinsa aka kai ni makarantar firamare ranar farko, ina riƙe da madubi.

Ba tsufa ne ya kwantar da shi ba. Cikin 2012, sa'ad da fitinar Boko Haram ta yi tsanani, 'yan bindiga suna harbi a kan babur suna tserewa, Gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawan babur. Wanda ya zauna a Fataskum ko Damaturu a shekarun nan ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili. Baba ya tura Raƙumi cikin ɗakin ƙurya, ya rufa masa tabarma, yana cewa wata 2 ne ko 3. Sai cikin Maris 2022 Gwamna Mai Mala Buni ya ɗage dokar a ƙananan hukumomi 10, har da Fika da Fataskum. Kafin nan idon Baba ya tafi, masu gyaran babur kuwa waɗansu sun koma gyaran Keke NAPEP, waɗansu sun koma janareta, waɗansu sun bar garin, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya.

Da muka fito da shi tsakar gida na ga abin da na saya, sai gwiwata ta yi sanyi. Ɓeraye sun cinye soson kujera sun yi gida a inda matatar iska take. Tayoyin sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Zanzaro ya yi gini a bakin salansa. Na taka kik, ya ƙi motsi ko kaɗan, kamar an yi masa walda. Baba ya sa aka kawo shi, ya shafa tankin da tafin hannunsa tun daga murfi har kujera, sa'an nan ya ce, "Kada ka kai shi wurin yara. Ka nemi mutumina na Fataskum, in yana da rai."

Yana da rai. Na same shi a wata rumfa bayan tasha, tsoho mai furfura, yana gyaran injin ban ruwa. Shi ne ya riƙa duba Raƙumi tun yana sabo. Da muka sauke babur ɗin daga bayan a-kori-kura, ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya tambaye ni lafiyar Malam, ya ce, "Ɗana, gyara ba wuya. Kayan gyara su ne wuya. In kana da haƙuri, ni ina da hannu. Amma ka sani ba zan sa masa kayan da zai kunyata ni a gaban mahaifinka ba."

Aikin farko bai ci ko kwabo ba. Ya cire kan silinda, ya zuba kananzir haɗe da baƙin mai a kan fistin, ya ce in koma Kaduna. Kullum da safe sai ya ɗora guntun icce a kai ya ɗan buga da guduma, sau 2 ko 3, ya bari. Ran kwana 16 ya buga mini waya ya ce fistin ya sauka. Tankin mai kuwa, da tsatsa ta cinye cikinsa, tsakuwa ya zuba ya sa almajiransa suka yi ta girgizawa, sa'an nan ya jiƙa tsamiya mai kauri ya cika shi da ruwanta ya bar shi kwana 3. Na yi tsammanin wasa yake yi, sai da na leƙa da tocila na ga ƙarfe fari fat. Tsamin tsamiya yana cin tsatsa, kamar yadda matan gida suka sani tun tuni wajen wanke tagulla.

Daga nan ne wahala ta fara. Ya ba ni takarda da jerin abubuwan da zan nemo: fistin da ringi, boris na karanshaf, robobin nan 2 masu toshe iska a gefen karanshaf, gasket, sarƙa da faifayenta masu haƙora, wayar kuloci da ta totur, da tayar gaba. Ya yi mini bayani cewa faɗin ramin silindar DT 175 milimita 66 ne daga masana'anta, in ya cinye akan yashe shi a sa fistin da ya fi girma kaɗan, mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00. Na Baba an riga an yashe shi sau 2, saboda haka 0.75 muke nema. In aka wuce 1.00, silinda ta gama aiki. Watau dama 2 ce kaɗai ta rage mana.

Na zaga shagunan Fataskum kaf. Kowane shago cike yake da kaya har rufi, amma duk na Bajaj Boxer ne na Indiya, da Jincheng da Haojue na Sin. In na ce DT, sai yaron shago ya dube ni kamar na tambayi kayan jirgin sama. Ba laifinsu ba ne. Injin bugu biyu yana shan mai, yana hayaƙi, dokokin tsabtar iska na ƙasashe da yawa sun kore shi, ɗan acaɓa kuma abin da zai kai shi yamma da lita kaɗan yake nema. Ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da ba a tambaya. Na je Kano, na yini a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, na samo boris da sarƙa da wayoyi, don waɗannan awo ne, in lambar ta dace ba ruwansu da sunan babur. Fistin dai babu.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Wani da aka haɗa ni da shi ta waya ya ce yana da fistin 0.75 na asali, ya turo mini hoto a cikin kwali mai tambari, kuɗin kuma bai kai rabin abin da na zata ba. Na biya, aka aiko. Da na kai wa tsohon bakanike, ko kwalin bai duba ba. Ya ɗora fistin a tafin hannu ya jinjina, ya ɗauki ringi ɗaya ya ɗan buɗa shi da yatsa, sai ga shi ya karye ƙas kamar ƙashin kifi. Ya ce, "Da mun sa wannan, da kafin ka kai Gadaka ya farfashe ya kwarzane silinda, dama ɗaya ta tafi." Na sake kiran lambar nan, ba ta ƙara shiga ba. Ni da aikina ke nan a ɗakin labarai, kullum ina ce wa ƙananan ma'aikata kada su yarda da hoto sai sun tabbatar da tushensa. Araha dai ba ta ado.

Na koma intanet. A can kam akwai kome, domin Turawa da Amurkawa masu sha'awar tsofaffin babura suna tara irin wannan suna gyarawa, a Kolombiya kuma an ci gaba da haɗa DT har bayan shekara ta 2000, ga kuma masu ƙera kwaikwayo a Taiwan da Tailan. Sai dai kuɗin da dala ne, kuɗin aikowa ma wani lokaci ya fi na kayan. Ina cikin tara kuɗi ke nan aka shiga Yuni 2023, Gwamnatin Tarayya ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, makonni kaɗan bayan janye tallafin fetur. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen N460 ta haura N700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce N1,500. Abin da na tara domin fistin ya koma bai isa ringi ba. Maiɗakina, wadda ta yi haƙuri da ni shekara guda, ta tambaye ni wata rana cikin ladabi ko wannan babur zai riƙa kai yara makaranta ne in an gama. Ban sami amsar da zan ba ta ba, don gaskiya ce ta faɗa. Wata 4 ban taka Fataskum ba.

Abin da ya tashe ni shi ne wayar da ƙanwata ta yi mini, ta ce Baba ya yi rashin lafiya har an kwantar da shi kwana 5, kuma da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko an ta da Raƙumi. Ranar Juma'a na hau mota.

Na gaya wa tsohon bakanike na gaza. Ya yi shiru, sa'an nan ya shiga rumfarsa ya fito da wani littafin lissafi da mai ya jiƙe, ya yi ta buɗawa har ya kai kan wata lamba. Ta wani Ibo ce, mai shagon kayan babur, wanda ya yi shekara fiye da 20 a Fataskum, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu Nnewi a farkon 2012, lokacin da baƙi da yawa suka bar garin. Nnewi kuwa, ga wanda bai sani ba, gari ne a Jihar Anambra, kasuwarsa ta Nkwo ita ce uwar kasuwannin kayan babur a ƙasar nan. Ban sa rai lambar tana aiki ba. Sai ga murya ta amsa, da Hausa garau irin ta 'yan Fataskum.

Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, sai ya yi salati irin na wanda ya zauna da Musulmi, ya ce, "Malamin gona mai Raƙumi? Yana nan da rai?" Ya ce shekarar da matarsa ta yi doguwar jinya, Baba ya kawo masa buhun dawa har shago bai karɓi ko sisi ba. Ni ban taɓa jin wannan labari ba, da na tambayi Baba daga baya ma cewa ya yi bai tuna ba. Mutumin ya ce in ba shi mako guda, akwai akwatunan da ya kwaso daga Fataskum waɗanda bai buɗe ba tun da ya dawo, don babu mai tambayar irin kayan a can ma. Ran kwana 9 ya kira. Ya sami fistin 0.75 da ringinsa, da robobin karanshaf, da gasket cikakke, duka na Japan, a cikin takardarsu mai maiƙo. Watau kayan nan a Fataskum suka yi shekaru, suka yi gudun hijira zuwa Nnewi, ga shi za su komo. Ya ba direban babbar motar fasinja mai zuwa Kano, daga can wani direban ya kawo tashar Fataskum. Na yi, na yi ya faɗi kuɗi, ya ce in biya direbobi kawai, in kuma gai da Malam.

Sauran kayan ba su ba da wuya sosai ba. A Panteka ta Kaduna, inda na saba ratsawa ina ɗalibi, wani maƙeri ya ɗora tsohon faifan sarƙa a kan farantin ƙarfe ya fitar mini da sabo haƙori bisa haƙori, wani kuma ya ɗinka kujera. Tayar gaba mai inci 21 wani abokin aikina ya samo mini a Maiduguri. Silinda kuwa a Kano aka yashe ta, tsohon bakanike da kansa ya raka ta, ya ce ba zai ba direba ita ba.

Gardama ɗaya muka yi da shi, a kan famfon mai. Irin wannan babur yana da ƙaramin tanki na man 2T dabam, da ɗan famfo wanda Yamaha ke kira Autolube, mai auna man yana tura shi cikin inji gwargwadon yadda aka murɗa totur. Samarin makanikai suka ba ni shawara a cire shi a riƙa haɗa mai da fetur a galan, wai in famfon ya tsaya ba ka sani sai inji ya ƙone. Maganarsu tana da hujja, na kuwa kawo masa ita. Ya ce shekara 30 famfon nan bai taɓa yi wa Malam ƙarya ba, ba kuma ranar da ɗansa ya gaji babur ɗin za a fara zarginsa ba. Ya kwance shi, ya wanke, ya fitar da iskar da ke cikin tiyo, ya juya shi da hannu muna kallo har mai ya fara ɗigowa. Duk da haka, a tankin farko ya yarda aka ɗan haɗa mai a fetur, saboda sabon fistin. Fenti kuwa na hana a yi. Akwai lotsawa a gefen tanki ta hagu, inda wani bijimi ya tunkuyi Baba a hanyar Ngalda tun ban zo duniya ba, na ce a bar ta yadda take.

Cikin Mayu 2024, ana dab da saukar damina, bayan na sabunta takardu da lamba, muka kai shi Fika a mota, don tsohon ya ce ba za a ta da shi ba sai a gaban mai shi. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru, yayana ma yana tsaye da jikansa a kafaɗa. Na buɗe mai, na ja cok, na taka kik. Shiru. Na sake. A karo na 4 ya yi tari, ya kama, kukan nan mai kaifi ya cika unguwa, shuɗin hayaƙi ya tashi har kan dabinon maƙwabta. Yara suka yi ta ihu. Na dubi Baba ina jiran in ga hawaye, sai na ga ya karkata kunne, ya ɗaure fuska kamar mai sauraron ƙara a kotu.

Ya ce, "Iska ta yi masa yawa. A mayar da sukurun kafireto ciki kaɗan."

Tsohon bakanike ya yi dariya har da buga cinya, ya zaro sukundireba daga aljihu ya murɗa kwata. Kukan ya kwanta, ya daidaita. Baba ya ce, "Yauwa." Sa'an nan ya sa aka kama shi ya tashi, ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, ya murɗa totur sau 2, ya saki. Ya ce mini in bi da shi a hankali har fistin ya zauna, kada in wuce rabin totur, kuma tun da abin hawa ya samu, akwai goron da yake so in kai wa wani tsohon abokinsa manomi a wani ƙauye bayan Gadaka, wanda rabonsu da haɗuwa tun kafin dokar hana babur.

Kashegari da sassafe na kama hanya. Sau 2 na faɗi a cikin rairayi, don Raƙumi ba ya son mai tsoro, in ka sassauta masa totur a yashi sai ya kwanta da kai. Wajen hantsi na shiga ƙauyen. Ban kai ga tambayar gidan ba, sai na hangi wani tsoho ya fito daga wani zaure da sauri, yana dogara sanda, hannu ɗaya a kan goshi yana kare rana. Tun kafin in kashe inji ya ɗaga murya ya ce, "Malam ne? Lale, lale! Takin ya iso ke nan?"